Bin Sawun Barewar da Harbi Bai Kayar Ba

Duk shekara, daga watan Satumba zuwa Janairu, maharba a Amurka kan kashe barewa mai farar wutsiya kusan miliyan 6. Dabba ce mai jiki. A jihohin arewa irin su Wiskonsin da Minesota babban namiji kan haura kilo 100, da ƙahonsa mai rassa da yake zubarwa duk shekara. Wasu da bindiga suke harbinta, wasu da baka da kibiya, galibi daga wata 'yar kujera da ake ɗaurawa a kan bishiya. Inda ake so harbi ya sauka ƙanƙanin wuri ne a bayan kafaɗa, inda huhu biyu da zuciya suke. Idan ya sauka nan, barewa ba ta wuce mita 100 zuwa 150 sai ta faɗi. Amma reshe kan kauce da kibiya, dabba kan ɗaga ƙafa daidai lokacin da aka saki, hannu ma kan yi rawa. Sai harbi ya koma baya ya samu hanta ko tumbi, ko ya yi sama, ko ya yi ƙasa. Daga nan ne aikin da wannan jagorar ke magana a kai yake farawa, kuma mafi yawan barewar da ake rasawa a wannan hali, maharbin ne ya kore ta da ƙafarsa.

Kada ka motsa daga inda kake

Da zarar ka saki harbi, idonka ya tsaya a kan dabbar har ta ɓace. Abu uku za ka riƙe: inda take tsaye lokacin da ka harba, yadda jikinta ya amsa, da wurin ƙarshe da ka gan ta. Kada ka ce "can wajen bishiyoyin nan". Ka zaɓi abu guda da ba zai ruɗe ka ba, kamar kututturen da ya karye ko dutse mai tsini, domin daji daga saman bishiya daban yake da daji idan ka sauko. Ka ɗauki hoton wuraren biyu da waya tun kana sama, ka duba agogo, sannan ka kasa kunne. Sau da yawa kunne kan ji faɗuwar da ido bai gani ba: karyewar itace, shure-shure a cikin busasshen ganye, sai tsit.

Yadda ta amsa harbin shi ne shaida ta farko. Wadda aka samu a zuciya ko huhu takan yi tutsu, ta watsa ƙafafun baya sama, ta zura da gudu kai a ƙasa, ba ta kula da abin da ke gabanta. Wadda aka samu a ciki takan yi doro, ta ɗan yi gudu kaɗan, sannan ta koma tafiya a hankali, wutsiya a maƙale, kai a sunkuye. Wadda ta zube nan take kamar an yanke mata ƙafafu, harbin ya taɓa ƙashin baya ko ya gifta kusa da shi. Wannan ita kaɗai ce ba a jira a kanta. Ka sake ɗana kibiya ko harsashi ka ƙara mata, domin idan girgiza ce kawai ta samu lakarta, bayan ɗan lokaci za ta miƙe ta tafi, kuma da wuya ka sake ganinta.

In ba wannan ba, ka zauna aƙalla minti 30 kafin ka sauko.

Abin da wurin harbi zai gaya maka

Ka je inda take tsaye a hankali, ba magana, ba taka busasshen itace. Idan wurin yana kan hanyar da ta bi ne kuma ka ga alamar ta kwanta kusa, to ka fasa, ka ja da baya. Idan babu wannan fargaba, ka tsuguna ka duba ƙasa. Za ka ga inda kofato ya tona lokacin da ta zabura, ga gashin da ya tsinke, wani lokaci da jini, kuma mai baka zai nemi kibiyarsa.

Gashi yana da magana. Fari mai laushi daga ciki yake, ko ƙasan wutsiya, ko cikin cinya, alamar harbi ya yi ƙasa ko baya. Mai ruwan ƙasa da toka-toka, matsakaicin tsawo, na haƙarƙari ne, shi ake fata. Dogo mai kauri da baƙin baki na gadon baya ne. Sai dai ka tuna kibiyar da aka harba daga sama kan shiga ta haƙarƙari ta fita ta ƙasa, don haka farin gashi kaɗai bai isa ya karya maka gwiwa ba.

Jini ne babban malami. Na huhu ja ne mai haske, yana ɗan yin fari-fari, da ƙananan kumfa a ciki. Idan ka ga haka a gefe biyu na sawun, kibiya ta ratsa, dabbarka na kwance ba nisa. Na hanta duhu gare shi, kamar zoɓon da aka jiƙa da kauri, ba kumfa. Na tsoka ja ne wur, yana zuba da yawa a mita 100 na farko har ka ɗauka an gama, sai ya riƙa raguwa ya koma ɗigo, ya ɗauke. Shi ne ya fi yaudarar sabon maharbi. Na tumbi da hanji kuwa ba ya da yawa, ruwa-ruwa ne, da kore-kore ko ruwan ƙasa na toroso a ciki. Ka kai kibiyar hanci ka shinshina. Idan ta ratsa tumbi, wari ba zai bar ka cikin shakka ba. Idan ka ga kitse fari ya manne a jikin kibiya da ɗan jini kaɗan, ƙirji ta shafa ta ƙasa ko gadon baya ta sama. Gutsuren ƙashi mai faɗi-faɗi na haƙarƙari ne, mai lanƙwasa da kauri kuma na ƙafa ne.

Kibiya ɗaya kan ɗauko shaida biyu, misali kumfar huhu a gaba da toroso a baya, idan dabbar ta ɗan karkace lokacin harbi. A irin wannan, ka yi aiki da mafi munin shaidar.

Jira

Nan ne ake samu, nan ne ake rasawa. Barewar da ta ji ciwo a ciki ba ta son tafiya. Idan ba ta ga kowa a bayanta ba, takan nemi sarƙaƙiya cikin mita 200 ko ƙasa da haka ta kwanta, kuma a nan za ta mutu. Amma tana da sauran ƙarfi na awoyi. Idan ka taso ta daga makwancin farko, tsoro zai ba ta ƙafa, ta yi kilomita ɗaya ko fiye, kuma zuwa lokacin kitse da hanji sun toshe ramin harbin, babu ɗigon jini ko ɗaya da za ka bi. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ƙa'idar da gogaggun masu bin sawu suka tsaya a kai ita ce: huhu biyu ko zuciya, minti 30 zuwa awa ɗaya. Hanta, awa 4 zuwa 6. Tumbi ko hanji, awa 8 zuwa 12, wato idan da yamma ka harba sai gari ya waye. Huhu ɗaya shi ne mai rikici, domin barewa kan yi nisa da shi, wata ma ta rayu. Ka ba ta aƙalla awa 4. Idan ba ka tantance inda ka samu ba, ka ɗauka ciki ne.

Fita daga wurin ma aiki ne. Ka bi hanyar da ta saba wa inda dabbar ta nufa, ko da zagaye ne mai nisa, ka lura kada iska ta kai mata warinka. Kada ka buga ƙofar mota, kada ka tsaya kiran abokai a bakin daji.

Akwai abubuwa uku da kan matsa wa maharbi ya karya wannan ƙa'ida: ruwan sama, zafi, da kayoti, wani ɗan'uwan dila da ya cika dazuzzukan Amurka, wanda garkensa kan cinye rabin barewa kafin asuba. A ganina, ga harbin ciki babu ɗaya daga cikinsu da ya isa hujja. Ruwa zai wanke jini, gaskiya ne, amma dama jinin ba shi da yawa, kuma gara ka nemi gawa a fili mai faɗin mita 200 ba jini da ka neme ta a faɗin gunduma. Ga harbin huhu da hadari a sama, ka bi da wuri. Harbin ƙafa ko tsoka shi ne maharba suka rabu a kai: wasu na cewa a matsa mata lamba don kada jinin ya daskare, wasu na cewa a bar ta ta kwanta ƙafar ta sanƙare. Matsa lamba na yin amfani ne idan akwai dusar ƙanƙara da ke nuna sawu, ga rana da sauran tsawo, ga kuma fili mai faɗi da kake da izinin shiga.

Maharbi Musulmi, musamman wanda ya tashi a kan mazhabar Malikiyya kamar yawancin Hausawa, yana da wata tambaya a nan da abokan farautarsa ba su da ita. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce abin da kibiyarka ta kashe ka ci matuƙar bai kwana ba ka same shi ba, sannan ta kawo wani ƙaulin cewa wannan sharaɗi na abin da kare ko shaho ya kama ne, amma idan an tarar da kibiya a makasa, wato wurin da rauninsa ke kisa, babu laifi a ci. Malaman mazhabar suna lissafa huda hanji cikin makasa. Sun kuma ja kunne kan sakaci wajen bin dabbar da za a iya riska da rai a yanka. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an halatta cin abin da aka samu bayan kwana ɗaya ko biyu idan babu wani tabo a jikinsa sai na kibiyar mai harbi, aka kuma hana idan an same shi ya faɗa ruwa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin barewar da aka harba a ciki ƙishirwa kan kai ta rafi. Ka zauna da malaminka kan waɗannan mas'aloli kafin lokacin farauta, ba cikin dare a bakin daji ba. Ko da hukuncin ya zo cewa ba za ka ci ba, neman dabbar bai faɗi a kanka ba: jihohi da yawa na da dokar da ta wajabta wa maharbi yin iya ƙoƙarinsa ya gano abin da ya harba.

Bin jinin

Mutum biyu sun isa, uku su ne iyaka. Taron jama'a tattake shaida kawai yake yi. Ku sa riga mai ruwan goro mai ƙyalli idan lokacin bindiga ne. Ku riƙe tocila mai ƙarfi da batir na ajiya, takardar bayan gida don sa alama, wuƙa a ƙugu, igiya, safar hannu ta roba, da ƙaramar kwalbar fesawa mai ruwan haidirojin feroksaid na wanke rauni. Idan ka fesa shi a kan jini sai ya yi kumfa, ta haka za ka bambance ɗigon jini da jan tabon da ganyen kaka ke yi da kansa.

Ɗaya ya duƙa yana neman jini, ɗayan ya tsaya a ɗigon ƙarshe idonsa a gaba, makami a shirye, ko za ta tashi. Ku yi tafiya a gefen sawun, kada ku taka kansa. Duk inda aka ga jini a rataya guntun takarda a reshe daidai tsayin ido. Amfaninta sai ka waiwaya: jerin fararen takardun zai nuna maka layin da dabbar ke bi, ka san inda za ka sa ido a gaba. Takardar kuma ruwa zai narkar da ita, ba ka bar shara a gonar mutane ba.

Kada ka kafa ido a ƙasa kawai. Ka duba jikin ciyawa da ganye daga gwiwa zuwa ƙugu, inda gefen jikinta ya goga. Tsayin wannan shafar zai gaya maka tsayin raunin, gefen da take kuma zai gaya maka ɓangaren da ke zubar da jini. Ka juya ganye ka duba bayansa. Ɗigon da ya faɗo tana tsaye zagayayye ne, wanda ya faɗo tana tafiya yana da 'yan yatsu da ke nuna inda ta dosa. Idan ka ga tururuwa ko ƙudaje sun taru a wuri guda, ka duƙa ka duba. Sawun kofato mai zurfi a gefe ɗaya, ganyen da aka birkice ɓangarensa mai danshi ya koma sama, sandar da ta karye sabuwa, duk shaida ne idan jini ya yi ƙaranci.

Idan ka iske makwanci, wato ciyawa a kwance da jini a tsakiya, ka taɓa. In jinin ya bushe kuma akwai wani makwancin a mita kaɗan, da wani a gabansa, alama ce mai kyau: ciwo ya hana ta sukuni, tana kusa. In kuwa da ɗumi, jinin ɗanye, ko ka ji tashinta a gaba, to kai ka taso ta. Ka sa alama a nan, ka juya, ka ƙara mata awa 4 zuwa 6. Wannan juyawar ta fi jiran farko wuya, don zuciya na raya maka cewa saura ƙiris.

Idan jini ya ɗauke

Ka koma ɗigon ƙarshe, ka durƙusa, ka duba da rarrafe. Ka fara da layin da takardu suka nuna, mita 20 zuwa 30. In babu, ka duba baya, domin barewa mai rauni kan dawo a kan sawunta sannan ta yi tsalle gefe. Ka bi kowace turba da ta fita daga wurin ɗaya bayan ɗaya. Ana yawan cewa mai rauni gangara take bi, ba ta hawa tudu. Sau da yawa haka ne, amma kada ka rantse a kai. Abin da ta fi nema shi ne wurin da ta saba ɓuya. Ka duba bakin rafi, fadama, gindin bishiyar da ta faɗi, da shingen waya, inda takan bar gashi ko jini wajen tsallakawa, ko ta kasa tsallakawa ta bi gefensa.

Kafin ka tara mutane su baje cikin daji, ka tsaya ka yi tunanin kare. Wannan tsari na da muhimmanci, domin takalman da suka taka jini za su yaɗa warin ko'ina su rikita shi. Karen da aka horar ba jini kaɗai yake bi ba. Tsakanin kofaton barewa akwai wata 'yar jaka mai fitar da wari, kuma ƙwararren kare kan rarrabe sawun wadda aka harba da na sauran, ko bayan awa 24. A Jamus wannan tsohuwar sana'a ce mai karnukanta na musamman. A Amurka ƙungiyar Deer Search ta jihar Niyok ce ta yi fafutuka har jihar ta halatta bin sawu da kare a ɗaure da igiya a 1986. Jihar Fensilbeniya sai a 2018 ta bi sahu, kuma yau yawancin jihohi sun yarda, kowace da sharuɗɗanta. Ƙungiyar United Blood Trackers na da jerin masu karnuka jiha-jiha. Ka ajiye lambar na kusa da kai tun kafin ranar buƙata, kuma idan ka kira ka faɗa masa gaskiyar inda ka samu dabbar da irin tattakin da kuka riga kuka yi. Akwai kuma masu ƙananan jirage marasa matuƙi da kyamarar da ke ganin ɗumin jiki. Wasu jihohi sun halatta, wasu sun haramta, sai ka bincika dokar inda kake.

In babu kare, sai a yi layi, tazarar mita 5 zuwa 10 tsakanin mutum da mutum gwargwadon duhuwar wurin, a share yanki ɗaya a gama kafin a shiga wani. Barewa a kwance cikin busasshiyar ciyawa kan ɓace wa ido a taku biyar. Farin cikinta ake nema, ko ƙaho, ko ƙafa a miƙe. Da rana ka lura da inda hankaki da ungulu ke shawagi.

Idan sawu ya tsallaka gonar wani, ka tsaya a kan iyaka. A yawancin jihohi harbin da ka yi bai ba ka ikon shiga filin mutum ba sai da izininsa. Ka je ka yi sallama, in ya ƙi ka kira jami'in kula da namun daji. Shi ma za ka tambaya game da riƙe makami da dare, don jihohi da dama sun hana bayan lokacin harbi ya wuce.

Ka gan ta

Ka tunkare ta ta baya, nesa da kofato da ƙaho. Matacciyar barewa idonta a buɗe yake. Idan ido a rufe ne, ko kai a ɗage, ko haƙarƙari na motsi, da ranta. In tana da ƙarfin tashi ka ƙara mata harbi a ƙirji daga nesa kaɗan. In ta galabaita yadda za a iya kama kanta ba haɗari, ka yi bisimilla ka yanka. Namiji mai ƙaho kam kada ka kusance shi da wuƙa yana da sauran ƙarfi. In ba ka ga motsi ba, ka taɓa ƙwayar idon da doguwar sanda. Sannan ka cika takardar shaidar kamu yadda jiharka ta tsara kafin ka ja ta ko'ina.

Ka fasa ciki nan take, da safar hannu, a hankali, don kan kibiya kan karye ya zauna a ciki kuma kaifinsa na reza ne. Idan toroso ya zuba, ka fitar da kayan ciki gaba ɗaya, ka yanke duk naman da ya taɓa ka zubar, ka goge sauran da tsabtataccen ƙyalle ko ruwan sha, ban da ruwan rafi. Idan harsashin dalma ne, ka yanke naman da ke kewaye da ramin da faɗi, don ɓarɓashinsa kan watsu. Ƙwayoyin cuta na fara yaɗuwa a nama da zarar ya haura digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, don haka dabbar da ta kwana a daren da bai yi sanyi ba sai an bincika ta sosai. Ka tsaga cinya har ƙashi ta ɓangaren da ta kwanta a kai, da kuma wuya, nan ne zafi ya fi daɗewa. Nama mai kore-kore, ko yauƙi, ko tsamin wari ya tafi. Wanda ya tsira ka feɗe shi, ka raba, ka sa a ƙanƙara da wuri. Ka duba jikinka ko kaska ta hau, don a arewa maso gabashin Amurka ita ke ɗauke da cutar Layim. Idan kuma yankinka na cikin inda aka samu cutar ramewar barewa, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ka kai kan a gwada, ka ajiye naman a firiza har sakamako ya fito.